Baƙo Na Kallon Kwata, Mu Muna Rushe Zaure

Jama'ar Zango, yau ƙorafinmu a kan kanmu yake.

A nan Ankara, idan baƙo ya je Jamestown, hannunsa ake riƙewa a kai shi Ussher Fort, a nuna masa Brazil House, gidan zuriyar Tabom da suka dawo daga Barazil, a karanta masa tarihi ɗaki-ɗaki. Idan aka kawo shi Nima ko Maamobi kuwa, babbar kwata ake nuna masa, ya ɗauki hoto ya tafi. Muna fushi da haka, amma me muka tanadar masa ya gani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alhali tarihin yana nan, tafiyar ƙafa ce kawai. A fara daga Zongo Lane, inda Malam Nenu ya sauka a ƙarshen ƙarni na 19. A ratsa Cow Lane, inda aka haifi Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu a 1919, wanda yake Babban Limamin Gana tun 1993. A leƙa Tudu. Wanda bai gaji ba ya tsallake Korle ya isa Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ɗan Malam Nenu ya kafa a filin da ya samu daga sarakunan Ga. Ita ma Nima, Malam Amadu Futa ne ya kafa ta a farkon shekarun 1930. Yaranmu nawa ne za su iya nuna ƙofar ko ɗaya daga cikin gidajen nan?

Da hannunmu muke yi wa kanmu wannan ɓarna. Tsoho ya rasu, magada su raba gida, a rushe zauren da aka saukar da fataken goro aka karantar da almajirai, a jera shaguna. Masu cewa tarihi ba ya cika ciki su tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, aka kwashe har da waɗanda aka binne cibiyarsu a ƙasar nan. Gidajen nan shaidarmu ce cewa ba jiya muka zo ba.

Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa: a zauna da dattawa tun suna raye, a rubuta sunan kowane gida da zuriyarsa, a kafa allo a ƙofarsa da Hausa da Turanci, a koya wa samarinmu jagorantar baƙi. Kafin baƙi ma, a fara zagayawa da ɗaliban makarantunmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.