RA'AYINMU: A Gwada Fitsarin Mai Cikin Fari

Kiranmu na yau ga 'yan'uwanmu ne mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo a Badun, da sauran zango-zango. Da yawanku kun bar amarya a gida, ko kuwa kun mai da ita wurin iyayenta goyon ciki, kamar yadda aka saba a cikin fari. Mutumin Kaboji ta ƙasar Kontagora, alal misali, yakan aika da kuɗin hatsi da na ragon suna, ya ɗauka ya sauke nauyi. To, da sauran aiki.

Akwai wata cuta mai kama hanyar fitsari, wadda jama'a kan haɗa da wasu cututtuka su kira su duka "sanyi". Mai ciki ta fi saurin kamuwa da ita, domin ciki yakan sassauta hanyoyin fitsari, mahaifa kuma tana danne su, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Wani lokaci takan zo da zafin fitsari da ciwon mara. Amma sau da yawa ba ta nuna alama ko ɗaya. In aka bar ta, tana iya haurawa zuwa ƙoda, ta kawo zazzaɓi mai zafi da ciwon kwiɓi, har ta jawo haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi.

Mai cikin fari kuwa ga ta da kunya. Ba ta faɗa wa surukarta cewa fitsari na yi mata zafi, balle malamin asibiti namiji. Cikin ma ɓoye shi take yi sai ya fito. Cuta ta yi shiru, mai ita ta yi shiru. In ba gwaji ba, wa zai gane?

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Ta ce hanya mafi kyau ta gano ƙwayoyin cutar ita ce a kai fitsari ɗakin gwaje-gwaje a raine su. Inda babu hali a duba da madubin likita, wanda ya fi 'yar takardar nan da ake tsomawa. In an same su, a ba da magani na kwana 7, ko da mace ba ta jin komai. A lura, gwajin fitsarin da aka saba yi ranar awo galibi sukari da alamar jijjiga yake nema, ba lalle ne ya gano wannan ba.

Saboda haka, maigida, in za ka yi aike, ware kuɗin mota da na gwaji, ka ambace su da suna. Ka roƙi gwaggonta ko yayarta ta raka ta, ta yi magana a madadinta. In asibitin garin ba shi da kayan aiki, a nemi takardar zuwa Babban Asibitin Kontagora. Kada a sayo kafso a kemis ko wurin mai talla, gama wasu, irin su tetirasaikilin, suna ɓata haƙoran jariri tun yana ciki. Wanda likita ya rubuta kuma a shanye shi duka.

Muna kuma kira ga Gwamnatin Jihar Neja da ƙananan hukumominta da su wadata asibitocin karkara da madubin likita, da masu gwaji, da ungozomomi mata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu domin irin waɗannan asibitoci. Ya kamata matar ƙauye ta gani a ƙasa.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya raba lafiya, amin.