Masu Ƙafa da Idon Kyamara a Ranar Salla

Sanin kowa ne cewa a ranar salla hanya takan sauya ubangida. Titin da ya taso daga Kano, ya ƙetare gadar Wudil, ya ratsa Birnin Kudu, kullum manyan motoci ke mulki a kansa, amma da an sauko daga idi sai masu ƙafa su karɓe shi: tsofaffi da buzunsu a kafaɗa, 'yammata cikin sababbin atamfofi, makaɗa, masu tallan alewa. Direba komai gaggawarsa sai ya taka birki. Haka birnin Kano yake ranar Takutaha, sa'ad da jama'a ke tururuwa zuwa Dutsen Dala, da ranar Maukibin Ƙadiriyya.

To, abin tambaya shi ne, wa ake ɗauka a hoto? Tun daga hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, har zuwa na FESTAC a 1977, idon kyamara bai cika sauka daga kan doki ba. Rawani da lifidi da 'yan kwalkwali su ne abin nema, talakan da ya cika fili kuwa ya zama ƙura a bayan hoto. Ko da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gadon duniya a 2024, dawakin ne dai suka fi yawo a jaridu. Alhali kuwa mai nazarin al'ada, in yana neman ɗinkin da ake yayi, ko waƙar da yara ke rerawa a tafe, ko yadda ake gaisawa a cunkoso, a ƙasa zai same su.

Yanzu wayar hannu ta raba wannan gardama, domin kusan kowane saurayi ya zama mai ɗaukar hoto. Sai dai gyaran ya zo da ɓarnarsa. Wani yakan tsaya tsakiyar gada ya tare hanya, ya juya wa taro baya don fuskarsa ta fito. Wani yakan auna matar aure ba da saninta ba, gobe ta tsinci kanta a TikTok, magana ta kai gidan miji. Wannan cin mutunci ne, ko da an kira shi adana tarihi.

Babbar asarar ma ita ce, hotunan ba su daɗewa. Abin da matashin Unguwar Ya ko na Gwaram ya ɗauka bana, baɗi ya tafi tare da wayar da ta lalace ko aka sayar, babu sunan gari, babu kwanan wata. Ya kamata Sashen Hausa ya ɗora wa ɗalibansa wannan aiki: duk wanda ya je hutun salla ya dawo da hoton minti 10 na garinsu, da izinin waɗanda fuskarsu ta fito sosai, ya rubuta wuri da rana da sunan bikin, a ajiye a ɗakin karatu na sashe.