Ƙananan kalmomin Turanci ne ke kayar da ɗalibanmu

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022. Ya ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, Turanci ya daɗe da zama mashiga a ƙasar nan. Cikin tambayoyi 180 na jarrabawar JAMB, 60 na Turanci ne, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba zai sha wuya kafin ya taka jami'a.

Abin da ya dame mu shi ne irin Turancin da ake cusa wa matasanmu da sunan ƙwarewa. Duk mai wayar hannu ya saba ganin jerin "kalmomi ashirin da za su sa a ɗauke ka masani" a Facebook da WhatsApp. Matashi zai haddace su, ya jefa biyu a hira, abokai su tafa. Mun ɗauki dogon Turanci tamkar shi ne ilimi, shi ya sa har yau ake yaɗa bidiyon Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Edo, wanda ya yi suna wajen zazzaga kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Ana kallonsa a yi dariya, wasu kuwa koyi suke yi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ɗalibin da ya san "postpone" sau da yawa yakan tsaya cak idan ya ga "put off", alhali ma'anarsu ɗaya, wato ɗagewa. Ka ƙara masa "put up with", jurewa, da "put out", kashe wuta, sai kansa ya ɗaure, domin shi dai an koya masa cewa "put" ajiyewa ce. Ma'aikacin da aka turo wa saƙo cewa an yi "call off" ɗin taro, idan ya ɗauka kiransa ake yi, zai biya kuɗin mota ya je ya tarar da ɗaki a kulle, don soke taron aka yi. Wanda aka rubuto wa cewa an yi "turn down" ɗin takardarsa ta neman aiki, an ƙi shi ke nan. Manyan kalmomin galibi aro ne daga Latin da Faransanci, da yawansu sun shigo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Ƙananan aikatau masu ɗauke da "up" da "off" da "out" su ne Turancin gida, kuma da su Bature ke magana a ofis da asibiti da filin jirgi.

Ga abin da malamai suka cika mantawa: Bahaushe ya riga ya san wannan dabara tun yana goye. Dubi kalmar "ci". Muna cin abinci, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, ana cin amana, ana cin hanci, ana cin mutunci, ana cin kasuwa. Haka "sha": a sha ruwa, a sha wahala, a sha kaye, a sha alwashi, a fita shan iska. Babu yaron da aka zaunar aka ba shi jerin waɗannan ya haddace. Ya ji su ne a bakin mutane, kowace a muhallinta, har suka zauna masa. Malamin da ya shiga aji a Gusau ko Azare ya fara da "ci" kafin ya kawo "take" da "get" ya gama rabin aikinsa cikin minti goma. Wannan ma na daga dalilan da suka sa muke ganin korar Hausa daga aji ba za ta gyara Turancin yara ba.

Akwai kuma Turancinmu na gida, wanda bai kamata a raina shi ba. A 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Sai dai ɗalibi na buƙatar sanin inda kowace ke ci. A nan "go-slow" cunkoson motoci ne, a Ingila kuwa ma'aikata ne ke jan ƙafa da gangan don nuna fushi. A nan idan aka ce mace ta yi "take in" ta samu juna biyu, a can wanda aka yi wa "take in" an yaudare shi. Mai shirin rubuta IELTS ya kula da wannan.

Karin magana ma haka. Wanda ya fassara "spill the beans" da zubar da wake bai san tona asiri ake nufi ba, kamar yadda baƙo zai ruɗe idan ya ji an ce wance ta yi ɓatan wata.

Muna kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi da kwalejojin horar da malamai su sa wannan ɓangare cikin horon malaman Turanci, su kuma ƙyale malami ya yi bayani da Hausa inda bayanin zai fi shiga. Ga matasa kuwa, ƙamus ɗin masu koyo na Oxford da na Cambridge kyauta suke a intanet, kuma kowace kalma tana zuwa da jimlolin misali da yadda ake furta ta. Ka karanta labari guda na Turanci kullum, ka tsamo jimla biyu ko uku da suka ɗaure maka kai, ka rubuta kowace ɗungurungum a littafinka da ma'anarta ta Hausa a ƙasa, sannan ka yi amfani da ɗaya kafin rana ta faɗi.