Jan Kunne a kan Bashin Baitulmali da ke Bin Tarikar Mamaci a Ingila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda gadon kome ke komawa gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ga wata mas'ala wadda ta shafi 'yan'uwanmu mazauna Ingila, ta kuma shafi magadansu da ke nan gida, domin sau da yawa mamaci na can, rabin masu gadonsa na nan, kuma malamin da za a kawo wa lissafin rabo yana cikinku. Mas'alar ita ce: tsoho ya rasu a London ko Manchester, an yi jana'iza, an gama zaman makoki, wasiyyinsa ya karɓo takardar iznin taɓa dukiya, sai ga wasiƙa daga ma'aikatar aiki da fansho ta ƙasar, wadda su ke taƙaita sunanta DWP, tana cewa kada a raba kome tukuna, watakila an biya marigayi kuɗin taimako fiye da haƙƙinsa, a aiko mata da lissafin ajiyarsa na shekarun baya. A nan mutane kan rabu biyu. Wasu su yi gaggawar raba dukiya su turo gida, su ce kuɗin gwamnati ba bashi ba ne. Wasu kuwa tsoro ya kama su, su biya duk abin da aka ambata ba tare da tambaya ba. Ni dai ina ganin duka biyun sun ɓata, kuma na biyun bai fi na farkon kusa da taƙawa ba, ko da ya ke shi mutane ke yabo.

Ku fara sanin inda bashin ke fitowa. Fanshon tsufa na gwamnati ba a duban dukiyar mutum kafin a ba shi, saboda haka yawan ajiya ba ya taɓa shi. Amma akwai wani ƙari da aka fara a shekarar 2003, cikon fansho, su kan ce masa Fansho Kiredit, wanda a ke bai wa tsohon da samunsa ya gaza. Shi wannan da ma'auni a ke ba da shi. Fam 10,000 na farko na ajiyar mutum ba a lissafa su. Abin da ya haura haka, kowane fam 500 a ɗauke shi kamar yana kawo wa mai shi fam 1 kowane mako, a rage masa daga cikon. To, mutum yana da fam 20,000 bai faɗa ba, cikonsa kuwa ya kai a rage: fam 20 ke nan a mako, fam 1,040 a shekara. Ku ninka wannan da shekarun da tsoho ya yi yana karɓa, ku ga yadda ƙaramin shiru ke zama babban bashi.

Abu biyu suka fi kama mutanenmu. Na ɗaya, gida ko fili ko gona da mutum ya mallaka a Kano ko Zariya ko Damagaram, a idon wannan doka dukiya ce kamar kuɗin banki, in ba gidan da ya ke zaune ciki ba ne. Tsoho ya gina gida a garinsu da gumin shekara talatin, a zuciyarsa wannan makoma ce, bai taɓa kiransa ajiya ba, ita kuwa takarda ajiya ta ke kiransa. Na biyu, doguwar ziyara. Tun shekarar 2016 aka rage wa'adin da mai cikon fansho zai iya yi a waje daga mako 13 zuwa mako 4, sai fa in rasuwar makusanci ce ko neman magani, waɗanda ke da nasu wa'adi. Wanda ya zo gida tun kafin azumi bai koma ba sai bayan babbar Salla, kuɗi na ta shiga, ya wuce iyaka ko bai sani ba.

Yanzu ga magana ga masu cewa wannan ba bashi ba ne. Hujjarsu ita ce kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma hukumar ba ta Musulmi ba ce. Ina tambayarsu: marigayi da wace hanya ya shiga ƙasar? Da amana ya shiga. Da wace hanya ya karɓi kuɗin? Ya sa hannu a takarda cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma zai sanar in halinsa ya sāke. Wannan alkawari ne, malamanmu kuwa ba su saɓa ba a kan cewa wanda ya shiga ƙasar wasu da amana bai halatta ya ha'ince su a dukiyarsu ba. Kasancewar kuɗin na jama'a ne ma ƙara masa nauyi ya ke yi, domin harajin talakawa ne, cikinsu har da 'ya'yan marigayin da maƙwabtansa, babu kuma mutum guda da za a je wa a ce ya yafe a huta. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta ajiye rabon magada bayan wasiyya da bashi, ba ta ware bashin wani ta bar na wani ba. Almajirin da ya karanta Risala ya san jerin: likkafani, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, sa'an nan gado. Kun kuma san labarin gawar da aka kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya dakata da yi mata salla saboda bashi, har Abu Ƙatada ya ɗauki biyansa. Ɗa mai jinƙan ubansa ba ya karɓar sumuni ko sulusi alhali wuyan uban na rataye.

Ko da an ajiye tsoron Allah gefe, Allah Ya kiyashe mu da haka, dabarar ba ta fitar da mai ita. Dokar Ingila ta ɗora wa wasiyyi biyan basussuka kafin rabo. In ya raba bayan labarin da'awar ya iso masa, ana iya binsa ya biya daga aljihunsa. Ku duba halinsa: ya turo rabon ƙannensa gida, wannan ya yi aure da nasa, wancan ya sayi babur, waccan ta biya kuɗin Hajji, sa'an nan takarda ta zo da fam dubu shida. Wa zai mayar masa? A fiƙihunmu ma in bashi ya bayyana bayan rabo, komawa a ke yi kan magada, amma kun san bambancin abin da ke cikin littafi da abin da ke fita daga hannun ɗan'uwa. Zumunci da yawa a nan ya ke yankewa. Akwai kariya guda da dokar amintattu ta 1925 ta tanada, sashe na 27: wasiyyi ya buga sanarwa a Gazet, ya jira wata biyu, bayan haka ba a kama shi da bashin da bai sani ba. Amma ku lura, bashin da bai sani ba. Wanda wasiƙar ma'aikata ke hannunsa ya riga ya sani.

To, sai masu biya da rawar jiki, kuma a kansu na fi son in daɗe, domin kuskurensu ya yi kama da ibada. Wasiƙar farko tambaya ce, ba hukunci ba ce. Har in adadi ya zo, da'awa ce, mai da'awa kuwa shi ke kawo shaida. Malaman Malikiyya ma sun tsananta a kan wanda ke bin mamaci bashi: bayan shaida sai ya ƙara da rantsuwa cewa bai karɓa ba, bai yafe ba, domin mamaci ba ya iya kāre kansa. Ban ce a rantsar da ma'aikata ba. Na ce ruhin wannan hukunci shi ya kamata wasiyyi ya riƙe: shi ne bakin wanda ba shi da baki. Kuma dukiyar da ke hannunsa ba tasa ba ce. In akwai marayu cikin magada, kowane fam da ya miƙa ba da haƙƙi ba, daga bakin maraya ya cire shi. Baligi na iya kyauta da rabonsa in ya so. Wasiyyi ba shi da ikon kyauta da rabon yaro, ko don kunya, ko don a ce gidan malam ba su jayayya da hukuma.

Ita kanta dokarsu ta ba da wurin tsayawa. Dokar 1992 mai tsara kuɗin taimako, sashe na 71, ta ce irin wannan rarar ana karɓarta ne in mutum ya faɗi abin da ba haka ba ne, ko ya ƙi bayyana abin da ya kamata ya bayyana, da gangan ko ba da gangan ba. Ma'ana, in marigayi ya sanar, ma'aikata ce ta yi sakaci ta ci gaba da biya, cikon fansho ba ya zama abin karɓa a ƙarƙashin wannan sashe. Don haka kada a zubar da takardun tsoho. Wasiƙa guda da ke nuna ya faɗa musu tana iya share da'awa duka. Wannan bai shafi Yunibasal Kiredit ba, taimakon masu shekarun aiki, domin shi dokar 2012 ta sa ana karɓar rararsa ko kuskuren na wane ne, abin da ni ban ga adalcinsa ba.

Akwai kuma abin da magada da yawa ba su taɓa ji ba. A da akan ƙayyade wa tsoho wani wa'adi wanda a cikinsa ba a wajabta masa sanar da ƙaruwar ajiyarsa ba. An daina ba da sabo tun Afrilu 2016, amma waɗanda suka kai shekara 75 aka ba su marar iyaka kafin lokacin, nasu ya ci gaba. In marigayi na cikinsu, yawan kuɗin da aka tarar ranar rasuwarsa ba shi kaɗai ke tabbatar da laifi ba. Haka kuma a lissafi ana rage ajiyar da aka ɗora masa kowane wata uku da gwargwadon rarar da ya karɓa, domin da ba a ba shi ba, da daga ajiyarsa zai ci. Wasiyyi ya nemi a nuna masa lissafin mako mako, ya duba ko an yi wannan ragi. In bai gamsu ba yana da wata ɗaya daga ranar hukunci ya nemi a sāke dubawa, in an ƙi ya ɗaukaka ƙara gaban kotu mai zaman kanta, ba a biyan ko kwabo don shigar da ita. Citizens Advice da Age UK suna ba da shawara kyauta. Wata ɗaya ba shi da tsawo ga gidan da ke cikin takaba, sai a rubuta ranar a bango.

Ga wadda aka bari da takaba kuwa, a gaya mata a sarari don hankalinta ya kwanta: bashin tarika ya ke bi. In dukiyar da marigayi ya bari ba ta kai ba, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, abin da ya rage shi a ke biya da shi, ba a bin matar ko 'ya'ya a dukiyarsu ta kansu saboda kawai su danginsa ne. Wanda ya ga dama ya cika don sauke wa mahaifinsa nauyi, wannan alheri ne, Allah Ya saka masa, amma kada wani ya tsorata tsohuwa har ta sayar da 'yan kunnenta.

Idan ka ce, ya ɗan'uwa, ai ita hukumar ma ba ta kyauta ba, sai in ce na yarda. Ta ga tsoho yana raye shekara da shekaru, yana da baki, yana iya cewa ga inda kuɗin nan ya fito, ba ta tambaye shi ba. Sai da ƙasa ta rufe shi ta zo wa 'ya'yansa da tambayoyin da shi kaɗai ya san amsarsu, ta bar gado a ɗaure wata da watanni, mabukata na jira. Wannan abin zargi ne, kuma masu baki a can su faɗa wa wakilansu na majalisa. Amma jinkirin mai bin bashi ba ya mayar da bashi kyauta. Abin da ya ke ba ka shi ne dalilin ƙara tsananta bincike.

Ga malamin da ke nan gida, wanda aka aiko wa adadi ta waya aka ce ya fitar da rabo, roƙona gare shi kada ya ɗauki alƙalami sai ya tambaya: marigayi yana karɓar taimakon da a ke aunawa da dukiya? An sanar da hukuma rasuwarsa? In can ya rasu, akwai hanyar sanarwa sau ɗaya da mai rajistar mutuwa ke ba da lambarta, a yi amfani da ita cikin kwana 28. In nan ya rasu wajen ziyara, a rubuta musu, a ajiye kwafi, kuɗin da ya shiga bayan ranar rasuwa kuma a ware shi kada a zuba cikin rabo. Ma'aikata ta ba da amsa a rubuce cewa ba ta bin kome, ko ta faɗi abin da ta ke bi? In amsa ba ta zo ba, ya rubuta musu kason kowa, sumuni da sudusi da saura, amma kada ya sa adadin fam a gaban sunan kowa, domin adadin da mutum ya gani a takardar malam ya riga ya kashe shi a zuciyarsa. Gidan da ke nan shi ma ya shiga lissafin tarika, kada a raba shi dabam a ce shi bashin Ingila bai ƙetaro teku ba.

Tsofaffin da ke raye kuma, a karanta musu wannan takarda. Wanda ke da gida a nan bai faɗa ba, ya nemi mai shawara ya gyara tun yana iya bayani da bakinsa, ya tara takardunsa wuri guda, ya nuna wa wasiyyinsa inda su ke.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.