Kayan barcin jinjiri a lokacin ɗari: ba kauri ba ne magani

Hunturu ya kankama, tun daga Damagaram har Tawa ƙura ta rufe gari, kowa ya ciro rigar sanyinsa. Duk wanda ya leƙa kasuwar Dole ko Katako ta Yamai kwanakin nan zai ga iyaye mata sun yi cincirindo wurin masu gwanjo, ana ta ɗaga kayan jarirai. Mu dai ra'ayinmu shi ne, da yawanmu ido muke saya wa kayan, ba yaron ba.

Waɗannan riguna masu gashi-gashi da kunnen zomo, an ɗinka su ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Namu sanyin daban yake. Da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, kafin azahar kuma ya koma wajen 30. Sai mu cusa jinjiri cikin rigar leda mai kauri tun magariba, mu ƙara bargo, ya kwana yana zufa. Zufar ta jiƙa rigar, iskar asuba ta busa, shi ke nan sanyin da muke gudu ya same shi.

Abin da malaman asibiti ke faɗa ba shi da wuya: a ƙara wa jariri riga ɗaya ko biyu kan abin da babba ya sa. 'Yar shimi ta auduga a ciki, sai riga mai dogon hannu wadda ta haɗe da wando har ƙafa, ita ma ta auduga. A nemi mai maɓalli tsakanin ƙafafu, don in ya yi fitsari cikin dare a canja masa ba sai an tuɓe shi tsirara ba. Sabon haihuwa, balle bakwaini, a sa masa hula da safa, amma ban da hula mai igiya, ban da bargo mai nauyin da zai rufe masa fuska. Kayan gwanjo kuwa a wanke, a shanya a rana tukuna.

Kakanni za su ce, “To ai hannunsa da sanyi.” Gaskiya ne, Inna, amma hannun jariri ba shi ne ma'auni ba. A taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In da ɗumi, lafiya lau. In da gumi, a rage riga ɗaya.

Wurin da muka fi jin tsoro shi ne kaskon garwashi. Kowace shekara sai mun ji labarin gobara ko iyalin da suka kwana da gawayi a ɗaki a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kisa cikin barci. Rigar leda kuma in wuta ta taɓa ta, narkewa take yi ta manne da fata. A fitar da kasko waje kafin a kwanta.

Kuma malam maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Kai ke ba da kuɗin, to ka duba abin da aka sayo. In yaron da bai kai wata 2 ba yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, ba riga yake buƙata ba, likita za a kai shi a daren.

Riga biyu ta auduga da za a riƙa wankewa ana canjawa ta fi guda ta ƙawa da za a ɗauki hoto da ita ranar suna. Allah Ya raya mana su, Ya fid da mu ɗarin nan lafiya.