Waɗanda Suka Tsira da Rauni a Ka: A Nema Musu Sana'a

Tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da gwamnatin Uba Sani ta jihar Kaduna ta ƙulla sulhu da 'yan bindiga har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, jama'a ta duƙufa ga lissafin mamata da gonakin da suka koma daji, alhali kuwa akwai wasu bayin Allah da babu mai ƙidaya su, wato waɗanda harsashi ya gogi ƙoƙon kansu, ko aka doke su da gindin bindiga a dazukan Kamuku da Kuyambana, ko babur ya kayar da su a hanyar Kaduna, suka tashi da ransu amma ƙwaƙwalwa ta raunata.

Sai ka tarar da magidancin da a da shi ke cika rumbu da masara, yau yana zaune a zaure tun hantsi har la'asar. A aike shi kanti ya manta saƙon, kukan jariri ya harzuƙa shi, wani ma farfaɗiya ta riƙa kayar da shi. Nan da nan sai a ce ya taɓu, ko iska ce, a shiga hayaƙi da tofi. Ba na raina addu'a, amma likitoci sun tabbatar cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da haƙuri da tsara al'amura, kuma ko an yi nasarar tiyata a asibitin koyarwa na Shika, jinya ta haƙiƙa a gida take farawa.

Sana'a kuwa tana cikin wannan jinya. A shekarar 1848 wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, sandar ƙarfe ta ratsa kansa, halinsa ya sauya har ya rasa aikinsa. Duk da haka daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Cile, kuma wasu masana na ganin cewa wannan aiki mai tsari, wanda ake maimaitawa kullum a kan lokaci, shi ya mayar da shi cikin mutane.

To, mu da fiƙihunmu ya koyar cewa taklifi gwargwadon iko ne, mene ne uzurinmu? Wanda hayaniyar kasuwa ta fi ƙarfinsa yana iya kiwon awaki, ko surfe, ko ɗinkin buhu, ko sharar masallaci, matuƙar an ba shi aiki guda a lokaci guda, an bar shi ya huta in kansa ya sara, aka kuma biya shi ladansa a hannu. Sadakar da ake miƙa masa a zaure tana ciyar da shi, amma ba ta mayar masa da mutuncinsa a idon iyalinsa.

Dokar naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin hukuma. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari ya umarci hakimai da dagatai su rubuta sunayen waɗannan mutane, a kai su ga likita, sa'an nan masu zakka da shugabannin kasuwa su ba kowannensu jari ko gurbi kafin damina ta faɗi.