Filtar Tsufa Ba Ta Rufa Wa Mugun Aiki Asiri



Yau ra'ayina zan faɗa a kan wani abu da ya zama yayi a wajen masu haɗa hotuna a waya. Mutum zai yanko hotonsa, ya ɗora a gaban tsohuwar ƙofar gari ko wata tsohuwar mota, ya mayar da shi ruwan ƙasa, ya watsa masa karce da tabo, sai ya ce ya yi hoton zamanin da. Ni a ganina yawancin masu yin haka so suke filta ta rufe musu aikin da ba su yi ba. Kuma wallahi ba ta rufewa.

Abu uku ne ke tona asirin hoton haɗi. Na farko haske: rana tana dukan bango daga dama, shi kuma mutumin hasken fuskarsa daga hagu yake. Na biyu kaifi: bangon dishi-dishi, mutumin kuwa tar kamar yanzu aka ɗauke shi. Na uku bakin yanka, musamman wajen hula da gefen kunne. Duk karcen da za ka zuba ba zai juya inuwa ba. Sai ka gyara waɗannan ukun tukuna, sannan a yi maganar tsufa.

To mene ne amfanin kaushin da ake ɗorawa? Aikinsa ya sa guntayen da ka haɗa su zama kamar kyamara ɗaya ce ta ɗauke su, a takarda ɗaya aka wanke su. Shi ya sa a ƙarshe ake sa shi, a saman komai, bayan ka haɗe leyoyinka. Idan ka tsufar da bango daban, mutum daban, tsakin da ke jikinsu ba zai zo ɗaya ba, ido kuma zai gane ko mai kallon bai san dalili ba.

A PicsArt, idan takarda ce mai haske ka ɗora, zaɓi Multiply: farin zai ɓace, tabon ya zauna. Idan farin karce ne a kan baƙi, zaɓi Screen: baƙin ne zai ɓace. Sannan ka rage ƙarfin leyar sosai. Ni daga 20 nake farawa, da wuya in wuce 40. Masu Snapseed kuma akwai Grainy Film da Vintage da Retrolux, amma kada ka bar su yadda suka zo, ka ja su ƙasa. Gishiri ne, a miya ake jin sa, ba a ganin sa. In ka goge karcen da ya faɗa kan ido da baki, ya fi kyau.

Kuma ba dole sai ka sauko da irin wanda kowa ke amfani da shi ba. Ɗauki hoton takardar buhun siminti, ko bangon ƙasa, ko bayan tsohon littafin makaranta, a inuwa, ka miƙe wayar sosai. Ka samu naka da babu mai irinsa.

Wani wajen da ake kwafsawa shi ne zamani. Ba kowane tsohon hoto ne ruwan ƙasa ba. Wannan kalar ta fi yawa a hotunan farko-farkon ƙarni na 20 da kafin nan. Na situdiyo na shekarun 1960 galibi baƙi da fari ne. Masu kala na 1970 da 1980 kuwa ja-ja suke komawa, saboda sinadaran kalar ba tare suke kodewa ba. Buɗe akwatin hotunan Hajiya a gida ka duba, ya fi maka kowace filta. Sannan ka lura da abin da ke cikin hoton. Ka ce 1965 ne, ga Keke Napep a baya, ga agogon zamani a hannu, ai ka gama da kanka.

Ga shawara daga teburin gyara. Wayar da aka canza wa sikirin da na kwafi ba ta nuna kala daidai, wata ta yi shuɗi, wata ta yi fari fat. Haka in ka kunna abin kare ido, sikirin yana yin rawaya. Kashe shi kafin ka fara, in ka gama ka duba a wata wayar. Wajen turawa a WhatsApp kuma ka tura a matsayin fayil, don matsewar da yake yi tana dagula tsakin nan ya koma kamar datti.

Yanzu ga inda abin ya fi damuna. Da zarar hoto ya yi kamar tsoho, mutane gaskata shi suke yi. Ana yawo da hotuna ana cewa wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Shehu ya rasu a 1817. Hoton kyamara mafi tsufa da ake da shi a duniya, a Faransa aka ɗauke shi wajen 1826 zuwa 1827, kuma sai 1839 sana'ar ta fito fili. To wa ya ɗauki Shehu? Sarauniya Amina ta Zazzau kuwa ta riga kyamara da ɗaruruwan shekaru.

Wani zai ce ai fasaha ce, kuma na rubuta a saman fostin cewa haɗawa na yi. Na yarda fasaha ce, ni ma ina son ta. Amma rubutun saman fosti ba ya bin hoto. Mutum ɗaya ya sauke ya tura guruf, shi ke nan, gobe yaro ya sa shi a aikin makaranta, jibi a kafa hujja da shi a rigimar sarauta ko ta gado. Don haka ka rubuta a jikin hoton, a inda yankewa za ta yi wuya: "Haɗawa aka yi", da sunanka da shekara. Bai rage maka komai ba, talla ma ya yi maka.

Kuma in hoton mamaci aka kawo maka, ka ajiye na asalin yadda yake, ka yi aiki a kan kwafi, ka mayar wa masu shi duka biyun. Wataƙila shi kaɗai ne jikokinsa za su gani.

Allah Ya sa mu dace. Wanda yake da wata hanyar da ta fi wannan, ya koya mana mu ƙaru.